Batirin sola a gindin tukunyar gas: wannan aiki ne ko ganganci?

Wasu masu haɗa sola a garin nan, sai dai a ce Allah Ya isa. Duk yaron da ya mallaki filaya da sukundireba ya zama "Injiniya". Tun da aka mayar da yunit ɗin wutar Band A (rukunin da aka yi wa alkawarin wutar aƙalla sa'o'i 20 a rana) naira 225 a Afrilun 2024, Arewa kuma ta shafe fiye da mako guda cikin duhu a Oktoban shekarar, jama'a suka ruga sayen inbata da batirin litiyam. Kasuwa ta buɗe wa masu hannu da marasa hannu baki ɗaya.

Mu ma mun haɗa kuɗi mun saya wa Hajiyarmu. Ina bawan Allahn da ya haɗa mana ya kafa batirin? A ɗan sitonta da ke tsakanin kicin da banɗaki, ɗakin da ko taga babu, inda hitar gas ɗin da ke ɗumama mata ruwan wanka take, da tukunyar gas mai kilo 12.5 a ƙasa. Tsakanin hitar da batirin bai kai kamu biyu ba. Da na kira shi, budar bakinsa sai cewa ya yi, "Haba Alhaji, ai litiyam ne, ba ya kama wuta."

Ba ya kama wuta? Me ya sa kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a saka fawa-banki a jakar da za ta shiga ƙasan jirgi? Me ya sa Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016? Na yarda batirin litiyam irin na fosfet da aka fi sakawa a gidaje ya fi na wayar salula juriya, amma juriya daban, rashin haɗari daban. Yawancin batiran nan ba a so a yi musu caji a zafin da ya wuce digiri 45. Kano a watan Afrilu tana haura 40 ko a inuwa, balle rufaffen ɗaki da harshen wuta a gefe. Zafin yana cinye rayuwar batirin a hankali, in kuma ƙwaya ɗaya a ciki ta ɗauki zafi ya wuce kima, sai ta kunna ta kusa da ita, haka har duka su tashi. Hayaƙinsa guba ne, kuma ko an kashe wutar tana iya sake tashi bayan sa'o'i.

Abin da ya fi hana ni barci ma gas ɗin ne. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In roba ta tsage ko regileta ya saki, ba sama yake yi ba, kwanciya yake a ƙasa ya taru. Kashi 2 cikin 100 kacal a iskar ɗaki ya isa ya kama. Ita kuma inbata, duk sanda aka ɗauke wuta ko aka kawo sai ta canza layi, ga burekar da ke iya yin tartsatsi. Tsohuwa ce fa ke shiga ɗakin nan da asuba!

Dalilinsa kuwa na gano shi. Sitonnan ne ya fi kusa da allon wutar gidan. Wayar jan ƙarfe mai kauri tana da tsada, ya karɓi kuɗinta cif, ya gajarce hanya ya soke canjin a aljihu. Na tambaye shi shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin wuta, sai ya hau kame-kame, wai tana wajen ogansa.

Yanzu na ce ya zo ya mayar da batirin baranda inda iska ke shiga, a inuwa, nesa da kicin. Wai sai na biya sabon kuɗin aiki da na waya, don "aiki ne daban". Na kashe inbatar, na fitar da tukunyar gas tsakar gida, Hajiya ta koma dafa ruwan wanka a gawayi cikin hunturun nan, ga kayan miliyoyi a bango. Shi kuma tun shekaranjiya ya daina ɗaukar wayata.