Saƙon tes da yaƙi da HIV: wa ke bayan wayar?

A shekarar 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi wani ƙiyasi mai tayar da hankali: idan ba a sake lale ba, ɗaya cikin maza baƙar fata 20 zai kamu da HIV a rayuwarsa. A cikin masu neman maza 'yan'uwansu kuwa, ɗaya cikin biyu ne. Baƙar fata ba su wuce kashi 13 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, amma kusan kashi 40 na waɗanda ake ganowa da cutar duk shekara daga cikinsu suke, kuma abin ya fi ƙamari a jihohin kudu.

Saurayi ɗan shekara 18 a Atlanta ba ya zuwa asibiti sai ciwo ya kayar da shi, amma waya ba ta barin hannunsa. Shi ya sa jami'an lafiya suka ce bari a bi shi inda yake. Tun 2006 birnin San Francisco ya buɗe wani layin tes mai suna SEXINFO domin matasa baƙar fata, inda mutum zai zaɓi tambayar da yake jin kunyar yi wa likita daga cikin wani jeri, ya samu amsa, a kuma nuna masa asibitin da zai je gwaji. Daga baya aka yi ta gwada aika wa samari saƙonni a kan kwaroron roba da rage yawan abokan kwana.

Ni dai ban yarda wa'azi ta waya kaɗai zai sauya halin mutum ba. Mu tuna saƙonnin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta riƙa turo mana lokacin korona. Nawa muka karanta har ƙarshe kafin mu goge?

Darasin da ya fi amfani daga Kenya ya fito. A binciken WelTel da mujallar Lancet ta buga a 2010, ma'aikatan jinya kan tura wa masu shan maganin HIV kalma ɗaya tak duk mako: "Mambo?", wato yaya dai. Mutum ya amsa da "Sawa" idan lafiya, ko "Shida" idan akwai matsala. Wanda ya ce akwai matsala, ko ya yi shiru kwana biyu, sai a kira shi. Waɗanda aka yi wa haka sun fi shan magani a kan kari, kuma ƙwayar cutar ta fi raguwa a jininsu. A lura, babu sunan cutar a cikin saƙon, don haka ko uwa ko budurwa ta ɗauki wayar, asiri bai tonu ba. Da aka gwada irin wannan salo na tambaya da amsa a Chicago da matasa masu shan PrEP, ƙwayar rigakafin da aka amince da ita a 2012, sun fi dawowa asibiti, sun kuma fi riƙe maganin. Abin da ya yi aiki shi ne sanin cewa akwai ɗan Adam da zai nemi ka idan ka ɓace.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga baƙar fatan Amurka. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta bar ɗaruruwan maza baƙar fata a garin Tuskegee na jihar Alabama da ciwon tunjere ba magani, don kawai a ga yadda zai ci jikinsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jikokin mutanen nan ake so su amince da saƙo daga lambar da ba su sani ba.

Sai kuma batun kuɗi. Alƙaluman CDC na 2022 sun nuna kashi 94 na fararen fatan da ke buƙatar PrEP an rubuta musu shi, baƙar fata kuwa kashi 13. Yanzu ma har allura ake da ita, ta bayan wata biyu tun 2021, da ta sau biyu a shekara tun 2025, kuma tes zai iya tuna wa saurayi ranar zuwa. Sai dai a Mississippi da Alabama da Texas, gwamnatocin jiha sun ƙi faɗaɗa inshorar talakawa ta Medicaid. Saurayin da ya karanta saƙon, ya hau mota ya isa asibiti, tambayar farko da za a yi masa a bakin kanta ita ce ina katin inshorarsa.