Don Allah a bar wa teku dodon koɗinta

Masu kiwon kifin ado a tankin gilashi, musamman masu tankin ruwan gishiri da murjani, da ku nake. Akwai wani dodon koɗi na teku marar ɓawo, wanda masana ke kira nudibranch, an san iri kusan 3,000 nasa. Kyau kam Allah ya ba shi, ba a magana. Amma ina roƙonku kada ku saye shi.

Ɗauki Chromodoris quadricolor da ke Bahar Maliya. Bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Bayansa ratsin baƙi da shuɗi mai haske, gefensa ruwan lemo, ga ƙaho biyu masu laushi a ka da yake sansano abinci da su, ga wani tuntu a can baya wanda da shi yake numfashi. Abincinsa wani jan soson teku ne mai suna Negombata. Soson nan halitta ce mai rai, manne take a jikin dutse tana tace ruwa, kuma tana da dafi. Dodon koɗin yana kankare ta da 'yan haƙoransa, ya tara dafin a fatarsa. Launin da ke burge mu gargaɗi ne ga kifaye cewa wanda ya haɗiye shi zai ɗanɗana kuɗarsa.

To a nan gizo ke saƙar. Yawancin masu cin soso kowanne da irin soson da yake ci, ɗaya ko biyu, ba ya kallon saura. Ka zuba masa abincin kifi, ka daka masa jatan lande, ka nuna masa gansakuka, ko sansanawa ba zai yi ba. Wasu masu shago kan ce ai zai share maka dattin tanki. Ba gaskiya ba ne, ko dai ba su sani ba, ko kasuwa suke nema.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yake mutuwa. Kwanakin farko sai ka gan shi yana ta zagaya gilashi, sama da ƙasa, mai tankin yana murna wai ya sake. Alhali abinci yake nema. Daga nan sai ya fara tsukewa, launin ya dushe, makonni suna tafiya yana ƙanƙancewa, har wata safiya a neme shi a rasa, ko a tarar famfon ruwa ya zuƙe shi. Ba ya kuka, ba ya shure-shure, shi ya sa mutane ba sa ɗaukar abin a matsayin zalunci. Mu kuwa tun muna yara aka karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ni ban ga bambanci ba.

Wani zai ce sai in sayo masa soson. Da wuya ka san wanne ne, in ma ka samu, soso ba ya son a fitar da shi cikin iska, kuma dodon koɗin yana cinye shi fiye da yadda yake tsirowa. A cikin dodon koɗin nan akwai ma irin su Phyllidia, waɗanda in suka takura sai su saki dafi a ruwa, ka wayi gari kifayenka sun mutu.

Wanda nake ɗaga wa ƙafa a cikinsu shi ne irin da ake kira Berghia, domin kiwonsa ake yi ba kamo shi daga teku ba, kuma yana cinye Aiptasia, wata 'yar halittar teku mai harbi da ke yaɗuwa a tanki tana addabar murjani. Shi ma in ta ƙare a tankinka, ka miƙa shi ga wani mai fama da ita.

Sauran kuwa daga teku ake tsamo su, galibi a Indunusiya da Filifin. Kafin ka ciro kuɗi ka ce wa mai shago ya faɗa maka sunan soson da dodon koɗin yake ci, ya kuma nuna maka shi yana ci. In ya fara kame-kame, ka tafi abinka, domin duk ɗayan da aka saya, sai an aika a kamo wani ya maye gurbinsa.