Ba Kowane Laifi Ne Kuskure Ba

'Yan'uwana matasa, akwai kalmar da muka mayar mafaka, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗalibi zai shiga ɗakin jarrabawa da takardar amsa a aljihu, wadda tun daren jiya ya zauna ya rubuta, in an kama shi ya ce kuskure ne. Wani a ba shi ajiyar kuɗi ya cinye, shi ma ya ce kuskure ne.

Ku duba inda kalmar ta fi zama daram. Maharbi ne ke kuskure. Ya ɗana kibiya, ya auna, ya saki, ta kuskure abin harin. Dacewa ya nufa, hannu ne ya gaza. Mai takarda a aljihu kuwa bai kuskure komai ba, abin da ya auna shi ya samu. Sunan aikinsa ha'inci, daga "kha'in" na Larabci, wato mai cin amana.

Hausa ba ta yi mana rowar kalmomi ba. Laifi daga "al-aib" ya fito, tushensu ɗaya da aibi, tabon da ke rage darajar abu. Saɓo namu ne na gida: an ce ka yi gabas, ka saɓa ka yi yamma. Haddi iyaka ce, shi ya sa ake cewa an keta haddi, kamar yadda ake keta tufa. Zalunci kuma, a wurin malaman lugga, ajiye abu ne ba a muhallinsa ba.

Wadda ta fi girgiza ni ita ce fasiƙi. Larabawa kan ce ɗanyen dabino ya "fasaƙa" idan ya fita daga ɓawonsa. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, domin ashe dokar da mutum yake ganin ta ɗaure shi, ita ce suturarsa, shi kuma ya fice daga cikinta yana murna.

Kowace kalma da abin da take nema a wurinka. Mai kuskure gyara ake yi masa, ya gode. Wanda ya ci amana sai ya mayar da abin mutane, ya tsaya gabansu ya nemi gafara. To kai ɗan'uwana, da ka ce wa mai ajiyar nan "kuskure ne", me kake so ya yi? So kake ya yafe ba tare da ka biya ba, kuma ka san haka tun kafin ka buɗe baki.