Wakilin da ya tsaya tsakanin mace da dukiyarta

Bayan mun kammala Umara, na shiga wani shagon turare a Jidda. Wata Balarabiya cikin abaya ce ta zuba mini, ta karɓi kuɗi, ta miƙo rasit. Dattijon da muke tare, wanda ya zauna a ƙasar tun zamanin Sarki Fahad, sai kallo yake yi. Ya ce da can ko ɗan kamfai da rigar nono maza ne ke sayar wa mata, yawancinsu baƙi 'yan ci-rani. Sai a 2012 aka fara sa mata a waɗannan shaguna bisa umarnin Sarki Abdallah. Ku duba fa, da sunan kunya aka hana mace tsayawa a kanti, aka bar ta tana faɗa wa ƙato girman rigarta!

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun wakili. Shari'a ta ba mace gadonta da sadakinta, dukiyarta tata ce, miji ba shi da iko a kai. Amma shekaru da yawa, idan Basa'udiya za ta yi rajistar kamfani ko ta bi takarda a ma'aikata, sai ta naɗa namiji ya tsaya mata. Shi ke sa hannu, shi ke shiga ofis, ita tana gida tana jiran labari. In Allah ya haɗa ta da mai amana, to. In kuwa ta faɗa hannun macuci, kura ce aka ba ajiyar nama. Nana Khadija ma ta tura Annabi (SAW) Sham da kayanta tare da bawanta Maisara, amma ita ta zaɓi wanda za ta aika, ba hukuma ce ta ɗora mata shi ba.

Matan ba su zauna jiran tsammani ba. A 2005 Lama al-Sulaiman da Nashwa Taher suka ci zaɓen shiga hukumar cibiyar 'yan kasuwa ta Jidda. A 2017 aka naɗa Sarah al-Suhaimi shugabar Tadawul, kasuwar hannun jari ta ƙasar. A farkon 2018 aka ce mace za ta iya buɗe kasuwanci ba tare da izinin waliyyi ba, a watan Yuni kuma aka ba su tuƙi. Fasfo ba tare da izinin waliyyi ba ya biyo baya a 2019, ga wadda ta kai shekara 21.

Kada dai a ruɗe mu da cewa zukata ne suka yi laushi dare ɗaya. Farashin mai ne ya faɗi daga 2014, gwamnati ta ga ba za ta iya ci gaba da ciyar da rabin al'umma a zaune ba, alhali albashin direbobin gida yana fita waje. Shirin 2030 na gwamnatin Saudiyya kan sauya tattalin arziki ya sa burin mata su kai kashi 30 cikin ɗari a fagen aiki, kuma an wuce wurin tun kafin lokaci. Sannan Loujain al-Hathloul, wadda ta yi fafutukar tuƙin, an kama ta makonni kaɗan kafin a ɗage haramcin, ba ta fito ba sai 2021.

Da na koma mota na buɗe rasit ɗin, sunan mace ne a matsayin mai shagon. Dattijo ya karɓa ya karanta sau biyu, sannan ya ce mu koma ya saya wa uwargida kwalba ɗaya.