Washintan da Ɗan Gatarinsa

(Ajin yamma na yaƙi da jahilci. Malam ya shigo riƙe da littafin yara mai hotuna.)

MALAM: Yau darasinmu a kan Joj Washintan ne, shugaban Amurka na farko. An haife shi a Bajiniya a 1732.

BAKANO: Allah gafarta Malam, ba shi ne tsohon nan na jikin dala ɗaya ba? Ai kullum muna gaisawa a Wapa. Amma shugaba na farko, dala ɗaya tal? An raina shi.

MALAM: Littafin ya ce yana ɗan shekara shida ya sassare bishiyar ceri ta babansa da ɗan gatari. Da aka tambaya, ya ce shi ba ya iya ƙarya, shi ne ya sare. Sai uban ya rungume shi.

BAKATSINE: Runguma? Ba tsumagiya?

BAFULATANI: Gatarin fa yana hannun yaron. Ko ni ne, runguma zan yi.

MALAM: Ya hau mulki a 1789 da haƙori ɗaya tak a bakinsa. Sauran na ƙira ne, daga haurun dorina, da haƙoran mutane, har da na shanu.

BAFULATANI: Na shanu? Shanun wa?

MALAM: Zauna, Jauro, ba naka ba ne. A 1797, bayan zango biyu, ya ce ya isa haka, ya koma gonarsa.

BAKATSINE: Ba tazarce? Ba maroƙi ko ɗaya da ya zuga shi? To wa ke masa noman?

MALAM: Bayi. Sa'ad da ya rasu a 1799, sun haura 300 a gidan gonar.

BAKATSINE: A wane shafi yake?

MALAM: Wannan littafin ya tsallake wurin.

BAKATSINE: Ya tsallake mutum 300, ya tsaya kan bishiya ɗaya!

MALAM: Ita bishiyar ma, gaskiya, babu wata shaida a kanta. Wani mai wa'azi kuma mai tallar littattafai, Wims, shi ya cusa labarin a bugun littafinsa na 1806.

BAFULATANI: Aradu! Labarin yaron da ba ya ƙarya, ashe ƙarya ne?

BAKANO: Ku bar wannan. Malam, hajar ta shiga?

MALAM: An yi ta sake buga shi shekara da shekaru.

BAKANO: To a ajiye Washintan. Gobe a karanta mana tarihin Wims.