Daren da Ƙugiyoyin Haruffa Suka Ɓace

Shekara goma sha biyu ina kula da shafin intanet na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta makarantarmu, aikin da aka ɗora mini saboda an taɓa ganina ina gyara wa wani firinta. Na gina shafin a kan Drupal 7, wani tsarin gina shafukan intanet wanda ya fito a 2011, kuma ya yi mana hidima ba tare da ƙorafi ba. Da masu manhajar suka sanar cewa za su daina kula da ita a Nuwamba 2021, na ɗan tsorata, amma sai suka ɗaga wa'adin, suka sake ɗagawa, har na ɗauke su tamkar mai bin bashin da ke yawan cewa gobe zai kai ƙara. Ashe ranar 5 ga Janairu 2025 da gaske suke yi.

Na yanke shawarar kwashe komai zuwa WordPress, wata manhajar gina shafuka, a dare guda, da shayi a gefena da kuma tabbacin cewa kafin asuba na gama. Na fitar da rumbun bayanan, na loda shi a sabon gida, shafin ya buɗe tsaf. Sai da na zuba ido sosai na ga cewa duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, alamar tambaya ce zaune a wurin. Wajen fitar da bayanan na bar tsarin haruffa a kan latin1, wanda bai san da zaman haruffanmu masu ƙugiya ba, maimakon UTF-8.

A nan ne na yi dabarar da har yau nake jin kunyarta. Na lissafa cewa ƙ ta fi sauran yawa, kuma allon rubutuna ba shi da ita, don haka na umarci kwamfuta ta mayar da kowace alamar tambaya zuwa k, na kwanta ina yaba wa kaina.

Ƙarfe bakwai na safe shugaban ƙungiya ya kira ni.

"Malam, su wane ne tsofaffin kalibai?"

"Ranka ya daɗe, ƙaramar matsala ce."

"Ƙarama? An rubuta cewa manyan baki za su zauna a sahun gaba, kuma za a raba musu romon kashi!"

Ya ci gaba da karanto mini rahoton taron bara, inda aka bayyana cewa kura ta hana mutane zama a filin makaranta, alhali ƙurar hunturu ce kawai ta dame mu. Tambayoyin gaskiya ma ba su tsira ba, domin sanarwar ma'aji ta koma "Yaushe za ku biya kukin watak".

Abin da ya cece ni shi ne sakacina, domin na manta ban rufe tsohon shafin ba, bayanansa kuma suna nan lafiya da ƙugiyoyinsu. Na sake fitar da su da utf8mb4, wani nau'in UTF-8 da ya san haruffanmu, kafin azahar kowane harafi ya koma mazauninsa. Sai dai wani ya riga ya ɗauki hoton sanarwar ya watsa a zaurenmu na WhatsApp, kuma a walimar da ta biyo baya, da aka kawo romo, babban baƙonmu ya leƙa kwanon, ya dube ni, ya ce a ba shi shinkafa kawai.