Jirgin ƙasa na can, talaka na Mararaba

Wallahi abin da ake yi wa ƙaramin ma'aikaci a Abuja ya isa haka nan. Mutum ya bar gida a Mararaba ko Masaka tun kafin assalatu, ya yi kokawar mota da masu goyo da 'yan makaranta, sannan ya maƙale a cunkoson Nyanya da Kugbo har rana ta take. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Mai albashin naira 70,000 da wanne zai ji, cefane ko mota?

Ba don muna so muke kwana a Jihar Nasarawa muna aiki a Abuja ba. Haya ce ta koro mu. Na nemi ɗaki ciki da falo a Kubwa, kusa da layin jirgi, dillali ya dube ni ya ce, "Malam, shekara biyu za ka kawo, ban da nawa, ban da na lauya." Da na yi magana, mai gidan ya zaro rasit ɗin harajin fili da na harajin gida ya ce, "To wa kake so ya biya waɗannan?" Ɗan haya mana. Duk harajin da aka ɗora wa mai gida, a wuyanmu yake sauka.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne jirgin nan na cikin gari. An ci bashin China an gina shi, aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, aka sake tayar da shi a 2024. Ya tashi daga tsakiyar birni ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama, wani reshen ya bi ta Gwagwa, Dei-Dei da Kagini zuwa Gbazango. To, madalla. Amma wa ke zaune a bakin tashoshin? Wasu ma sai ka yi doguwar tafiya kafin ka ga gidan da leburan ofis zai iya kamawa. Nyanya da Mararaba kuwa, inda jama'ar take jibge, ko ƙarfen layi babu.

Gwamnati ta san yadda ake bin haraji. A 2025 an soke takardun filaye sama da 4,000 saboda bashin harajin fili. To ta yi amfani da wannan ƙarfin ta ɗaya ɓangaren mana! Duk wanda ya gina gidajen haya masu sauƙi inda za a iya takawa zuwa tasha, a yafe masa harajin fili da na gida na wasu shekaru. Sai dai da sharaɗi a rubuce: a kayyade hayar, a karɓa wata-wata, wanda ya ƙara a ƙwace rangwamen. In ba haka ba, masu gidaje za su lamushe, mu ci gaba da biya.

Sabuwar dokar haraji ta ba ɗan haya sassaucin kashi 20 cikin ɗari na hayarsa wajen lissafin harajin albashi. Wannan bai rage hayar ba, bai kuma gina ko ɗaki guda kusa da tasha ba. Manyan gidaje na nan a Maitama da Asokoro a kulle, sai maigadi kaɗai. A ɗora harajin a kansu.